Bizar Aiki da Bizar Aure: Tambayoyin da Ma'aurata 'Yan Ƙasa Biyu Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masoya da ma'auratan da fasfonsu ba iri ɗaya ba ne: ɗaya ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, ɗayan kuma baƙo da ya shigo da bizar aiki, ko yana can ƙasarsa yana jira. Yawancin misalan na Amurka ne, domin a can lamarin ya fi sarƙaƙiya, amma an kawo na Birtaniya da Kanada da Jamus inda suka sha bamban. Kuɗin fom da tsawon jira suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka a duba shafin hukumar ƙasar a ranar da za a biya.

Mene ne ainihin bambancin bizar aiki ta wucin gadi da izinin zama ta hanyar aure?

Bambancin yana ga wanda aka ɗaura igiyarka a jikinsa. Bizar aiki a jikin kamfanin da ya ɗauke ka take: shi ya nema maka, kuma ranar da aikin ya ƙare ita ma ta fara tangal-tangal. Izinin aure a jikin mijinki ko matarka yake da farko, amma hanya ce da ke kaiwa ga zama na dindindin, inda ba ka rataye a wuyan kowa.

Akwai kuma bambanci na biyu, wanda shi ne tushen kusan duk matsalolin da ke cikin wannan shafi. Mai bizar wucin gadi ya gaya wa gwamnati cewa zai gama ya koma gida. Mai neman izinin aure kuwa cewa yake na zo ke nan. Wanda ke kan ta farko yana neman ta biyu, to yana tsakanin maganganu biyu masu karo da juna, kuma jami'in shige da fice yana sane da hakan.

Waɗanne nau'o'in bizar aiki ne aka fi cin karo da su?

A Amurka uku ne suka fi shahara. H-1B ta ƙwararru ce masu digiri; ana ba da 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka, kuma saboda masu nema sun ninka gurbin sai an yi ƙuri'a. Shekara 3 ce, a sabunta zuwa 6. L-1 ta wanda kamfaninsa ya ɗauko daga reshensa na waje ce, bayan ya yi musu aiki aƙalla shekara 1 cikin 3 da suka wuce. TN kuma ta 'yan Kanada da Meziko ce kaɗai. Ta samo asali daga NAFTA, yarjejeniyar cinikayya ta 1994 tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, wadda sabuwar yarjejeniyar USMCA ta maye gurbinta a 2020, ta ƙunshi sana'o'i sama da 60, kamar injiniya da akanta da ma'aikacin jinya, ana ba da ita har shekara 3, ana kuma iya sabuntawa.

A Birtaniya babbar ƙofa ita ce bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda sai kamfani mai lasisi ya tsaya maka. A Jamus da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai akwai shuɗin kati na masu digiri da albashi mai tsoka.

Ina ta jin ana maganar “niyya biyu”. Mece ce ita?

Dokar Amurka, a sashe na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman bizar wucin gadi a matsayin wanda ke son zama har abada, sai in ya gamsar da jami'i cewa zai koma. H-1B da L-1 an cire su daga wannan zargi. Mai riƙe da su yana iya aikinsa na wucin gadi, a lokaci guda yana neman koren kati, wato katin zama na dindindin, ba tare da ɗaya ta ɓata ɗaya ba. Wannan ita ce niyya biyu.

TN ba ta da wannan gata, haka bizar ɗalibi da ta ziyara. A ɗauki ma'aikaciyar jinya 'yar Kanada da ke zaune a Windsor, tana tsallaka gada kullum zuwa asibiti a Detroit da TN. Ta auri Ba'amurke, ya shigar mata da takardar neman zama. Daga ranar, duk safiyar da ta tsaya a gaban jami'in iyaka yana da ikon tambayarta ko har yanzu wucin gadi take, kuma kwamfutarsa na nuna masa takardar da mijin ya shigar. Ba laifi ta yi ba, amma yana iya cewa ta juya. Shi ya sa mai TN yake tsara lokacin shigar da takarda da lokacin tafiye-tafiyensa tare, ba daban-daban ba. Kanada ta fi sauƙi a nan, domin dokarta ta amince da niyya biyu ƙarara, muddin jami'i ya yarda za ka fita idan wa'adinka ya cika ba a amince da kai ba.

Ina kan bizar aiki, na auri 'yar ƙasa. Auren kaɗai ya ba ni izinin zama?

A'a. Takardar aure ba biza ba ce, a ko'ina. Tana ba ka damar nema ne kawai. A Amurka matarka za ta cika fom I-130 don tabbatar da dangantakar, kai kuma ka cika I-485 don sauya matsayinka. Idan ita 'yar ƙasa ce ana iya tura su tare, kuma babu layin jiran gurbi, domin ba a ƙayyade adadin mazaje da matan 'yan ƙasa a shekara ba. Idan koren kati kawai take da shi, kun faɗa rukunin F2A mai ƙayyadadden adadi, inda jira kan yi tsawo, kuma dole ka ci gaba da riƙe halastaccen matsayi har layi ya zo kanka.

Shawarata a nan ba ta canjawa: kada ka saki reshe ka kama ganye. Ci gaba da aikinka, ka sabunta bizarka idan lokacinta ya yi, har sai sabon izinin ya shigo hannu. Idan aka ƙi takardar auren saboda wani kuskure, bizar aikin ce za ta hana ka zama wanda ya zarce wa'adi.

Gara mu nema daga cikin ƙasar, ko ta ofishin jakadanci a waje?

Wanda ya riga ya shigo ta halastacciyar hanya yana aiki, yawanci neman daga ciki ya fi masa, domin ba za a raba shi da iyalinsa ba, kuma a Amurka zai iya haɗawa da I-765 na izinin aiki da I-131 na izinin tafiya. Wanda ke waje kuwa ta ofishin jakadanci zai bi, ya shigo da bizar aure ta Amurka, wato CR-1 ko IR-1, kuma daga ranar da ya sauka shi mazaunin dindindin ne, zai iya kama aiki washegari.

A Birtaniya mai bizar ƙwararren ma'aikaci yana iya komawa bizar aure daga ciki, amma a yi lissafi tukuna. Shekarun da ka yi a kan bizar aiki ba sa shiga cikin shekara 5 da ake jira kafin neman zaman dindindin ta hanyar aure. Agogo sabo ake kunnawa. Wanda ya yi shekara 4 a kan aiki, sau da yawa gara ya ƙarasa ta biyar ɗin ya nemi zaman dindindin da kansa.

Takardarmu tana hannunsu, ga shi an yi mini rasuwa a gida. Zan iya tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa zuciya, amsarta kuma ba ta da daɗi. A Amurka, wanda ya fita ƙasar alhali I-485 ɗinsa na jira, ba tare da izinin tafiya ya fito ba, ana ɗauka ya yi watsi da buƙatarsa. Kuɗin ya tafi, jiran ya tafi. Masu H-1B da L-1 da iyalansu ne aka keɓe, in dai bizarsu na da rai kuma aikin nan za su dawo. Mai TN ba ya cikinsu, kamar yadda aka bayyana a amsar niyya biyu. Akwai hanyar roƙon izinin tafiya na gaggawa saboda rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani, ana kai hujja a nema, kuma shi ya kamata a fara gwadawa kafin a sayi tikiti.

Birtaniya ma haka take: fita daga yankin tafiye-tafiyenta na bai ɗaya da Ayalan yayin da takarda ke jira yana nufin an janye ta. Wanda ya san yana da tsoho marar lafiya a gida, ya sa wannan cikin lissafi tun kafin ya zaɓi neman daga ciki.

Me zai hana in shigo da bizar ziyara, mu ɗaura aure, in yi zamana?

Ɗaura aure a Amurka da bizar ziyara ba laifi ba ne, idan za ki koma bayan biki. Laifin shi ne ki ce wa jami'i mako biyu za ki yi alhali kin sallami gidan haya kin ajiye aiki. Tun 2017 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke aiki da ƙa'idar kwana 90: wanda ya yi abin da ya saɓa wa bizarsa cikin wannan lokaci, kamar auren ɗan ƙasa da tarewa, ana zaton ƙarya ya yi tun farko. Hukuncin yaudarar jami'i haramcin shiga ne na har abada, sai dai a nemi afuwa, wadda ba a samunta da sauƙi. Wasu na cewa a jira kwana 91 kawai. Ban yarda da wannan dabara ba, domin kwanakin ba sa wanke niyyar da aka shigo da ita, saƙonnin waya kuma ba sa mantuwa.

Birtaniya ta rufe ƙofar gaba ɗaya: mai ziyara ba ya sauyawa zuwa bizar aure daga ciki, sai ya koma ƙasarsa ya nema.

Bizar baiko ko mu fara ɗaura aure tukuna?

K-1, bizar baiko ta Amurka, ɗan ƙasa ne kaɗai ke nema wa wadda zai aura, da fom I-129F. Dole ku nuna kun haɗu ido da ido cikin shekara 2 da suka wuce, kuma a ɗaura auren cikin kwana 90 da shigowa, da shi wanda ya nema ɗin, ba wani ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan biki akwai wani zagayen takardu da kuɗi, da watanni na zaman gida ba aiki ba tafiya. Ga mace ko namijin da ya saba nema da kansa, wannan zaman yana gwada sabon aure ƙwarai. CR-1 takan sa a daɗe a rabe, amma ana shigowa da cikakken 'yanci. Bizar baiko ta Birtaniya wata 6 ce, ba a aiki da ita.

An ɗaura aurenmu ɗayanmu ba ya wurin. Za a karɓa? Mai mata fiye da ɗaya fa?

Ƙa'idar farko ita ce auren ya halasta a dokar wurin da aka ɗaura shi, da takardar hukuma. Amma auren wakilci yana da nasa hukunci. Amurka ba ta ɗaukar ku ma'aurata idan ba ku kasance tare a wurin ɗaurin ba, sai kun nuna kun haɗu kun tare bayansa. Tambarin fasfo da tikiti da hotuna su ne hujja. Kanada ta fi tsanani: tun Yunin 2015 ba ta karɓar auren wakili, na waya ko na intanet don ɗaukar nauyi, sai ga sojojinta da ke bakin aiki.

Game da mata fiye da ɗaya, babu ɗaya cikin waɗannan ƙasashe da za ta ba ta biyu bizar aure alhali ta farko tana nan. Dokar Amurka ma ta hana shiga ga wanda ya zo da niyyar zama da mace fiye da ɗaya. Duk auren da aka taɓa yi a baya sai an kawo takardar saki ko ta rasuwa. Ɓoye aure na baya yana cikin abubuwan da ke fallasa mutum shekaru bayan ya ɗauka komai ya wuce, sau da yawa a lokacin da ya zo nema wa 'ya'yansa takarda.

Nawa ake so mai ɗaukar nauyi ya riƙa samu?

A Amurka mai ɗaukar nauyi yana sa hannu a I-864, ya nuna kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, gwargwadon yawan mutanen gidansa. In bai kai ba, ana iya samun wani ya tsaya tare da shi. A sani wannan alkawari ne da kotu ke iya tilastawa, kuma saki ba ya warware shi. Yana ƙarewa ne idan baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara kimanin shekara 10 na aiki, ko ya bar ƙasar dindindin, ko ɗayansu ya rasu.

Birtaniya ta ɗaga nata daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara tun 11 ga Afrilun 2024. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata 6 a asusu. A nan bizar aiki take rana: albashin baƙon yana shiga lissafi idan yana cikin ƙasar da izinin aiki, amma ba ya shiga idan yana waje. Kanada yawanci ba ta ƙayyade albashi ga mai ɗaukar nauyin mata ko miji ba, sai alkawarin shekara 3. Jamus kuma harshe ta fi dubawa: tun 2007 ana neman shaidar Jamusanci matakin A1 kafin shigowa, da wasu keɓancewa.

Ta yaya za mu nuna aurenmu na gaskiya ne?

Jami'i ba ya ganin zuciya, takarda yake gani. Abin da ya fi nauyi shi ne alamun rayuwar da ta cuɗanya: yarjejeniyar haya da sunayenku biyu, asusun banki da ake amfani da shi da gaske, inshorar lafiya, takardar haraji ta haɗin gwiwa, takardar haihuwar yaro. Hoto 20 da suka ratsa shekara biyu, da 'yan uwan ɓangarorin biyu a ciki, sun fi 300 na ranar biki kaɗai. Waɗanda ke zaune a ƙasashe biyu su tara tikitin jirgi, tambarin fasfo, tarihin kiran waya da rasit na kuɗin da ake aikawa.

A ranar intabiyu tambayoyin ƙanana ne. Wa ya fara tashi yau? Wane gefen gado kike kwana? Wane launi ne labulen ɗakinku? Yaya sunan ƙanwar mijinki? Idan aka yi shakka sai a raba ku ɗaki daban-daban, a yi muku tambaya iri ɗaya, a gwama amsoshin. Ma'aurata na gaskiya ma suna saɓawa a kan abin da aka ci shekaranjiya, jami'ai sun san da haka. “Ban tuna ba” amsa ce mai kyau. Ƙirƙiro amsa don cike gurbi shi ke jawo matsala, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

An sallame ni daga aiki muna tsakiyar jira. Yaya ke nan?

Tun 2017 masu H-1B, L-1 da TN suna da rangwamen har kwana 60, ko zuwa ƙarshen wa'adin zamansu idan shi ya fi kusa, don samun wani aiki, sauya matsayi ko fita. Idan I-485 ya riga ya shiga, ba a lissafa kwanakin jiran a matsayin zaman haram, amma kada ka taɓa wani aiki sai izinin aikinka ya fito. Idan bai shiga ba, kwana 60 ɗin nan su ne lokacin shigar da shi.

Zarce wa'adi yana da farashi tun dokar 1996: fiye da kwana 180 ka fita, haramcin shekara 3, shekara 1 ko fiye, shekara 10. Miji ko matar ɗan ƙasa da ya shigo ta ƙofa yana iya gyara matsayinsa daga ciki duk da zarcewar, amma na mai koren kati ba shi da wannan sassauci.

Mijina ne mai bizar aiki, ni biyo shi na yi. Zan iya aiki?

Ya danganta da harafin da ke fasfonki. Matar mai L-1 tana iya aiki. Matar mai H-1B, wato H-4, sai idan maganar koren katin mijin ta kai wani mataki, bisa ƙa'idar 2015. Matar mai TN tana iya karatu amma ba aiki. A Birtaniya iyalin ƙwararren ma'aikaci suna aiki, sai dai tun 11 ga Maris 2024 sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ba sa zuwa da iyali. Aiki ta intanet ga kamfanin wata ƙasa alhali kina zaune a Amurka, shi ma ana iya ɗaukarsa aiki ba izini.

Me ya sa katina na shekara 2 ne kawai, kuma me zai faru idan muka rabu?

Dokar Amurka ce ta 1986: idan aurenku bai cika shekara 2 ba ranar da aka ba ka zama, katin na sharaɗi ne. Cikin kwana 90 kafin ya ƙare za ku cika I-751 tare, da sababbin hujjoji. Mantawa da wannan rana na iya soke matsayinka, don haka a rubuta ta tun ranar da katin ya zo. Idan aure ya mutu kafin nan, kana iya nema kai kaɗai, ka nuna an shiga shi da gaskiya ko da bai ɗore ba. Shi ya sa ba a zubar da takardun da aka lissafa a amsar hujjar aure, ko da rai ya ɓaci.

A Birtaniya dole a sanar da Ma'aikatar Cikin Gida idan an rabu, kuma yawanci akan rage bizar zuwa kwana 60. A Jamus zaman aure na shekara 3 a cikin ƙasar yana ba da izini mai zaman kansa. Kanada ta soke zaman sharaɗi a 2017.

Yana dukana, yana cewa zai janye takardata a kore ni. Ina da mafita?

Kina da ita, kuma ina so ki ji wannan da kyau: ba shi ne hukumar shige da fice ba. Dokar Amurka ta hana cin zarafin mata, VAWA, ta 1994 ta ba matar ɗan Amurka ko ta mai koren kati damar nema wa kanta zama da fom I-360, ba da saninsa ba, ba da sa hannunsa ba, kuma an hana hukuma sanar da shi. Maza ma dokar ta shafe su. Birtaniya tana da hanyar zaman dindindin ga mai bizar aure da aka ci zarafinta, Kanada da Jamus ma suna da nasu tanadin. Ki ajiye hoton fasfonki da takardun aure a wurin da hannunsa ba ya kaiwa, ki adana saƙonnin barazana da takardun asibiti, ki nemi ƙungiyar da ke taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu. Da yawa suna da lauyoyi kyauta.

Wani ya ce zai haɗa ni da wadda za mu yi auren takarda. Yaya haɗarinsa?

A Amurka ɗaurin har shekara 5 ne da tarar har dala 250,000, ga ku biyun da dillalin. Bayan haka sashe na 204(c) ya hana amincewa da duk wata takardar zama da za a sake nema maka, ko da daga baya ka yi auren gaskiya ka haifi 'ya'ya. Kuma wadda ka biya ta riƙe wuyanka na shekaru. Duk ranar da ta nemi ƙari, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Muna zaune a gefe biyu na iyaka. Dole ne ɗaya ya ƙaura?

Izinin aure an yi shi ne don masu zama tare a ƙasar. Ba'amurken da ke waje sai ya nuna yana da mazauni a Amurka, ko zai koma tare da matarsa, kafin a karɓi I-864 ɗinsa. Mai koren kati da ya yi fiye da shekara 1 a waje ba tare da izinin dawowa ba yana iya rasa shi. Akwai keɓantaccen matsayi ga mazauna Kanada da Meziko masu tsallakowa aiki da koren kati, amma lokacin da aka yi a haka ba ya shiga lissafin zama ɗan ƙasa.

Lissafin kuwa shi ne: a Amurka shekara 3 da koren kati ga wanda ke zaune da mijinta ko matarsa 'yar ƙasa, maimakon 5. A Birtaniya wanda ya auri ɗan ƙasa yana iya nema da zarar ya samu zaman dindindin, ba sai ya ƙara jiran shekara ba. A Kanada aure ba ya rage komai. Kowa sai ya cika kwana 1,095 a cikin ƙasar cikin shekara 5.